Bayani A Kan Jijiyar Ƙafa, Da Abin Da Ke Ɓata Ta, Da Maganinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, wannan bayani ne a kan jijiyoyin ƙafa, da yadda ake gane cutarsu, da abin da ya wajaba a yi tun lokaci bai ƙure ba.

Ga wani abu da ke aukuwa a garuruwa da ƙauyuka, har ya zamana an daina mamakinsa. Yaro almajiri ya kwana da zazzaɓi cikin damina, gari ya waye a sa wani gardi ya kai shi kemis. Mai kemis ya kifa shi a kan benci, ya tsira masa allura a tsakiyar ɗuwawu. Yaro ya ƙwalla ƙara, ya ce wuta ta bi masa ƙafa har yatsu, a ce masa raki ne ya yi masa yawa. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya sauka, amma sai a ga yana tafiya yana ɗaga gwiwa sama kamar mai tsallake kwata, kan ƙafarsa yana faɗuwa yana sharar ƙasa, takalmi ya zame masa bai sani ba. Wani ya ce inna ce ta sha, wani ya ce ya taka abin da aka binne, wani ya ce sanyi ne. A yi ta shafe-shafe da hayaƙi, wata shida su wuce, shekara ta zagayo. Ranar da aka kai shi asibiti, likita ya duba ya duba, ya ce, "Alaramma, da an kawo shi da wuri." To, dalilin wannan magana ta likita shi ne abin da za a warware a nan, domin a sha'anin jijiya kwanaki su ne jari, wanda ya ɓarnatar da su kuwa ba kasuwar da zai saye su.

Fasali na farko: mece ce jijiya

Bahaushe yana kiran abubuwa uku da suna ɗaya, Larabawa kuwa sun rarrabe su. Akwai irƙu, watau hanyar jini, wadda ake gani kore-kore a bayan hannu. Akwai wataru, watau agara, igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi, kamar wadda ke bayan diddige. Sa'an nan akwai asabu, wani farin zare mai taushi wanda ba jini ke bi ta cikinsa ba, saƙo ne. A kan wannan ta uku ake magana. Saƙonta iri biyu ne: umarni da ke sauka daga ƙwaƙwalwa ta cikin laka zuwa tsoka, cewa ta motsa, da labari da ke hawa daga fata zuwa ƙwaƙwalwa, cewa an taka ƙaya ko an taka wuta. Saboda haka idan asabu ya taɓu, ko dai motsi ya tafi, ko ji ya tafi, ko kuwa ya riƙa kawo labarin ƙarya, mutum ya ji zugi da tafiyar kiyashi da fisga irin ta minjirya a wurin da babu rauni.

Mafi girman jijiya a jikin ɗan Adam a ƙafa take. Saiwoyi 5 ne suka fito daga ƙasan gadon baya, suka haɗu cikin ƙugu suka zama igiya ɗaya, kaurinta a jikin babba ya yi kusa da na yatsa. Ta ratsa ƙarƙashin naman ɗuwawu, ta gangara ta bayan cinya, kafin ta isa gwiwa ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya miƙe ta cikin sha-raɓa zuwa tafin ƙafa, shi ke sa mutum ya yi ɗage, shi ke ba tafin ƙafa ji. Ɗaya reshen ya karkata waje, ya kewaye wuyan siririn ƙashin da ke gefen ƙwauri, ɗan ƙasa da gwiwa, shi ke ɗaga kan ƙafa da yatsu. A wannan wuri babu abin da ya raba shi da waje sai fata, don haka ya fi kowace jijiyar ƙafa saurin samun rauni. Akwai kuma wata jijiya dabam a gaban cinya mai miƙar da gwiwa, da wata ƙarama da ke ba fatar gefen cinya ji.

Malamai sun san ciwon babbar jijiyar nan da sunan irƙun nasa. Masu tafsiri sun ruwaito daga Ibnu Abbas cewa shi ne ciwon da ya sami Annabi Yaƙubu, tsira da aminci su tabbata gare shi, har ya yi bakance ya bar abincin da ya fi so, watau naman raƙumi da nononsa. Ibnu Sina, wanda ya rasu a shekara ta 428 ta Hijira, ya yi maganarsa cikin Alƙanun, Azzaharawi na Andalus kuwa ya bayyana yadda ake yi masa lalas. Ibnul Ƙayyim, a inda ya yi bayanin maganin kitsen wutsiyar tunkiyar ƙauye wanda ya zo cikin hadisi, ya faɗakar da cewa an yi maganar ne da mutanen Hijaz da maƙwabtansu, gwargwadon ƙasarsu da irin sababin ciwonsu. Wannan faɗakarwa tana da amfani ƙwarai, domin ta nuna magabata sun san suna ɗaya yakan rufe sabubba da yawa, kuma kowane sababi da maganinsa. Sai a shekarar 1934 likitoci biyu a Boston ta Amurka, Mixter da Barr, suka tabbatar da cewa yawancin wannan ciwo daga baya yake tasowa: guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon baya ne ke tsagewa, abin cikinsa ya bulluƙo ya danne saiwar jijiya.

Fasali na biyu: abubuwan da ke ɓata ta

Na farko allura a ɗuwawu ba bisa ƙa'ida ba. Ƙa'idar ita ce a raba ɗuwawu ɗaya kashi huɗu, a yi allurar a kashin da ke sama ta wajen gefe, nesa da tsakiya, domin jijiyar ta tsakiya da ƙasa take bi. Jarirai da ƙananan yara kuwa a gefen cinya ta gaba ake yi musu, don naman ɗuwawunsu bai kai ya kāre jijiya ba. Yaro ramamme, da wanda ke fisge-fisge ana danne shi, sun fi shiga hatsari. Ɓarnar takan zo ta tsinin allurar, ta kuma zo ta ruwan maganin kansa, gama wasu magunguna suna ƙona jijiya idan suka kwanta a jikinta, kwinin ya yi suna a kan wannan tun dā. Alamarta zafi mai fisga da ya bi ƙafa a daidai lokacin da ake allurar, sa'an nan faɗuwar kan ƙafa nan take ko bayan 'yan kwanaki.

Na biyu dannewa. Malamin da ya harɗe ƙafa a kan buzu tun hantsi har azahar, da ɗan kasuwar da ya yini tsugune yana awo, da majinyacin da ya rame ya daɗe kwance gefen gwiwarsa na jingine da ƙarfen gado, duk suna matse reshen nan na wuyan ƙashi. Mace ma da ta kwana biyu tana naƙuda, kan jariri yakan danne saiwar jijiya a cikin ƙugu, ta tashi da ƙafa tana ja, shi ya sa ake yawan ganin wannan tare da yoyon fitsari. Falke mai ɗaure lalita ko guru tamau a ƙugu, musamman in yana da teɓa, yakan ji fatar gefen cinyarsa tana zugi ko ta mutu. Wannan mai sauƙi ne, ƙarfin ƙafa ba ya raguwa, sau da yawa sassauta ɗamara ya isa.

Na uku rauni: sara, harbi, haɗarin mota da babur, gocewar gwiwa ko ta katara, da karaya. A nan akwai jan kunne ga masu zuwa wurin maɗori. Idan aka ɗaure ɗori ya matse, ƙafa ta kumbura a ciki ba ta da wurin buɗawa, jini ya kasa isa ga tsoka da jijiya, cikin kamar sa'a 6 sai su fara mutuwa. Alamarsa zafi mai ƙaruwa wanda ya wuce na karaya, ya tsananta in an motsa yatsu, sa'an nan yatsun su yi sanyi su sage. Wanda ya ga haka a kwance ɗorin nan take a nufi asibiti, kada a ce a bari gari ya waye.

Na huɗu ciwon baya mai sauka ƙafa, wanda aka ambata a sama. Ya fi kama masu ɗaukar buhu suna sunkuye, da direbobin doguwar tafiya. Zafin yakan taso daga kwankwaso ya bi bayan cinya ya wuce gwiwa, tari da atishawa suna ƙara shi.

Na biyar cututtukan da ke cin jijiya a hankali. Babbarsu a yau ciwon suga, wanda kusan rabin masu shi jijiyoyinsu kan taɓu in ya daɗe. Yakan fara daga yatsun ƙafafu biyu tare, ya hau kamar ana sa safa, da zugi cikin dare, daga baya ji ya ɗauke. Sai kuturta, wadda Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayarta a 1873. Ita jijiya take zama, ta kumbura ta har a iya laluba ta da yatsa a gefen gwiwa ko bayan idon sawu, tare da tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. Ƙarancin sinadarin bitamin B12, da yawan shan giya, da ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka in ba a haɗa shi da bitamin B6 ba, su ma suna kawo haka.

Game da shan inna, sunan ya samo asali daga abin da mutanen dā suka ɗauka, cewa wata aljana ce ke shanye ƙafar yaro. An tabbatar ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta lalata tushen jijiyar motsi a cikin laka. Bambancinta da raunin allura shi ne, a shan inna ƙafa takan saki cikin 'yan kwanaki bayan zazzaɓi amma fatar tana ji sarai, a raunin allura kuwa bayan ƙafa ko tafinta yakan rasa ji. An ga ta ƙarshe daga asalin wannan ƙwaya a Nijeriya a jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Afirka ta rabu da ita. Amma akwai wani nau'i da ke yaɗuwa inda rigakafi ya yi ƙaranci. Saboda haka duk yaron da bai kai shekara 15 ba, ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, a sanar da ma'aikatan lafiya, za su ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 su auna, ba a biyan ko kwabo.

Fasali na uku: yadda likita ke ganewa

Aikin likita a nan kamar na mai bin sawun ayarin da bai iso ba ne, yana bin zango-zango ya ga inda hanya ta yanke. Tambaya ce rabin aikin: yaushe abin ya fara, farat ɗaya ko sannu a hankali, an yi allura, an faɗi, an yi ɗori, ƙafa ɗaya ce ko biyu, fitsari da bayan gida suna fita daidai. Wanda ya ɓoye cewa an yi allura a kemis don kada a yi masa faɗa, ya ɓatar da mai neman taimakonsa.

Sa'an nan ya sa majinyaci ya yi tafiya a kan diddige, wanda ya kasa, reshen waje ko saiwarsa ne ya taɓu. Ya sa shi ya yi ɗage a kan yatsu, wanda ya kasa, reshen ciki ne. Ya sa shi ya tashi daga tsugune, don auna jijiyar gaban cinya. Ya bi fata da auduga da tsinke majinyaci na rufe da ido, ya shata iyakar inda ji ya mutu, gama kowace jijiya da gonarta. Ya buga 'yar guduma ta roba a ƙasan ƙoƙon gwiwa da agarar diddige ya ga ko ƙafa za ta zabura. Ya kwantar da shi rigingine ya ɗaga ƙafar a miƙe, in zafi ya fisga daga baya zuwa ƙasan gwiwa tun ba ta yi nisa ba, to saiwa ce aka danne a gadon baya. Mai ciwon suga kuwa ana taɓa tafin ƙafarsa da wani siririn zare mai nauyin giram 10, in bai ji ba ƙafarsa tana cikin hatsarin gyambo.

Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, don haka kada wanda aka ce hotonsa lafiya lau ya ɗauka an gama. Babban hoton da ake kira MRI shi ke nuna guringuntsi da saiwoyi. Akwai kuma gwajin lantarki, inda ake aika ɗan ƙaramin motsi ta jijiya a auna saurin isarsa, a kuma sa siririyar allura cikin tsoka a saurari halinta. Wannan gwaji ba ya faɗin cikakkiyar gaskiya sai rauni ya yi kamar mako 3, kuma a manyan asibitoci ake samunsa.

Fasali na huɗu: daraja uku, da lissafin kwanaki

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani likitan Ingila, Herbert Seddon, wanda ya duba sojoji masu raunin jijiya da yawa, ya kasa raunin daraja uku, har yau kuwa da rabonsa ake aiki. Misalinsa wayar lantarki, da zaren ƙarfe a ciki da riga a waje. Daraja ta farko, an danne wayar amma ba abin da ya tsinke, saƙo ne ya tsaya. Wannan yakan warke da kansa cikin kwanaki ko makonni, iyaka wata 3. Ta biyu, zaren ciki ya tsinke amma rigar tana nan. Abin da ke gaba da wurin raunin ya mutu, sa'an nan sabon zare ya tsiro ya bi cikin tsohuwar rigar har ya isa. Ta uku, an yanke zare da riga gaba ɗaya, bakin nan da bakin can sun rabu. Wannan ba ya haɗuwa sai an ɗinka.

To, ga inda maganar take. Jijiya mai tsirowa tana tafiyar kamar milimita 1 a yini, watau inci 1 a wata, ba addu'ar gaggawa ta majinyaci ko kuɗin attajiri da aka san sun ƙara mata sauri bisa al'ada. Tsoka kuwa da aka raba da jijiyarta ba ta jira har abada. Tana ramewa tun makonnin farko, in ta yi wata 12 zuwa 18 saƙo bai iso ba sai ta koma kitse da tauri, ko jijiya ta iso daga baya ba ta tarar da mai amsawa. Ayari ya iso, kasuwa ta watse. Wanda rauninsa a gefen gwiwa yake, tsakaninsa da tsokar da ke ɗaga ƙafa inci kaɗan ne, yana da sarari. Wanda nasa a ɗuwawu yake, in babba ne, tazarar ta yi kamar inci 18, watau tafiyar shekara ɗaya da rabi, babu rarar ko wata ɗaya da zai zubar. Yaro ya fi babba sa'a, don ƙafarsa gajera ce, jikinsa kuma ya fi saurin gyara, amma shi ma wata shidan da aka ci ana hayaƙi daga cikin jarinsa aka ɗebe su.

Likita yana iya bin tafiyar jijiyar da yatsa. Yakan ƙwanƙwasa a kan hanyarta, inda sabon tsiro ya kai majinyaci zai ji tsirr ya gangara ƙasa. Tinel na Faransa ya bayyana wannan alama a 1915. In wurin yana matsawa ƙasa wata bayan wata, ayari na tafe. In ya tsaya wuri ɗaya, akwai abin da ya tare hanya.

Fasali na biyar: magani

Farkon magani kawar da sababi: a bar harɗe ƙafa, a riƙa tashi ana miƙewa tsakanin darasi da darasi, a sa matashi ƙarƙashin gwiwar majinyaci, a sassauta ɗauri, a daidaita suga. Na biyu kiyaye ƙafar kafin jijiya ta iso. Ƙafar da ta faɗi, in an bar ta, agarar diddige takan ƙanƙance ta ƙage a haka, ko jijiya ta warke ba ta ɗaguwa. Saboda haka ake sa mata wani takalmin roba mai tauri da ke riƙe ta a kusurwa, ana kuma lanƙwasa ta sama da hannu sau da yawa kowace rana, kamar yadda ma'aikatan gashin ƙashi za su koyar. Wannan aiki na gida ne, uwa ko gardi suna iya yinsa, kuma ya fi kwalaben magani da yawa amfani. Akwai sashen wannan aiki a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da manyan asibitocin jihohi.

Na uku aikin tiyata. Jijiyar da wuƙa ko gilashi ya yanke, ɗinka ta cikin kwanakin farko ya fi. Wadda ba a san darajar rauninta ba, kamar ta allura, ana sa mata ido, in wata 3 zuwa 6 suka wuce ba alamar dawowa sai a buɗe a duba. Wani lokaci tabo ne ya shaƙe ta, a warware. Wani lokaci a yanke ruɓaɓɓen wurin, a ɗebo wata siririyar jijiyar ji daga bayan ƙwauri a yi gada da ita. Wanda lokaci ya riga ya wuce masa ma kada ya yanke ƙauna, gama ana iya ciro agarar wata tsoka mai rai daga bayan ƙwauri a dasa ta a bayan ƙafa, ta karɓi aikin ɗagawa, ko da an yi shekaru.

Ciwon baya mai sauka ƙafa, yawancinsa yana lafawa cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, kuma tafiya kaɗan-kaɗan ta fi masa kwanciya. Kuturta tana warkewa sarai da haɗin magunguna na wata 6 ko 12, wanda ake bayarwa kyauta tun 1995, kuma jijiyar da ta taɓu bai kai wata 6 ba ana iya ceto ta da magani. An san wuraren wannan aiki, kamar Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Saye a Zariya, da Danja kusa da Maraɗi.

Zugin jijiya ba ya cika jin maganin ciwon jiki na kullum. Yana da nasa magunguna, likita ke rubuta su ya kuma auna adadinsu, domin wasunsu suna sa maye da sabo. Wanda ya lizimci ƙwayoyin kashe zafi na kemis wata da watanni, ƙodarsa da tumbinsa yake ci, wanda kuma ya koma ga tiramadol ya ƙara wa kansa cuta ta biyu.

Ƙafar da ba ta ji tana bukatar tsaro irin na jariri. Kada a yi mata tsaga ko lalas ko ƙaho, kada a gasa ta da ruwan zafi, kada a miƙa ta ga kaskon wuta da hunturu, domin za ta ƙone mai ita yana hira. Kada a taka ƙasa ba takalmi, an sha ganin alhazai masu ciwon suga sun ƙone tafin ƙafa a kan daɓe mai zafi a Makka da Madina. A zazzage takalmi kafin a sa. Alwala sau biyar dama ce ta duba ƙafa sau biyar, tsakanin yatsu da ƙarƙashin diddige, a kuma tsane ta bayan an wanke.

Fasali na shida: abin da ba ya jiran gobe

Wanda ke ciwon baya, sa'an nan fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba bai sani ba, ko ya kasa riƙe bayan gida, ko wurin da yake zama a kai da tsakanin cinyoyinsa ya rasa ji har bai jin ruwan tsarki, ko ƙafafu biyu suka yi rauni tare, to saiwoyin ƙarshen laka ne aka matse gaba ɗaya. Lissafinsa na sa'o'i ne, kunya kuwa a nan ita ce halaka. Haka wanda rauni ke hawa masa daga ƙafafu zuwa sama cikin kwanaki, domin yana iya kaiwa ga numfashi. Haka mai ciwon baya tare da rama da zufar dare da ƙusumbi mai fitowa, gama tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma yana jin magani in an tare shi da wuri.

Fasali na ƙarshe: amana

Littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaure, kamar Risala da Ahalari, sun bayyana cewa wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kwance. Saboda haka wanda likita ya hana shi naɗe ƙafa na ɗan lokaci, shari'a ta riga ta yi masa sauƙi. Kuma ya tabbata cikin hadisi, Shaihu Halilu ma ya kawo cikin Muhtasar, cewa wanda ya yi wa mutane magani ba da sani ba, ko ya yi sakaci, lamunin ɓarnar yana wuyansa. Mai tsira allura bai koya ba ya auna kansa da wannan hukunci. Masu neman allurar su ma su sani yawancin zazzaɓin cizon sauro ƙwayoyin sha suna warkar da shi bayan an auna jini, matsa wa mai magani cewa lalle sai allura sayen hatsari ne da kuɗin aljihu.

Malamin da iyaye suka danƙa wa ɗansu, ƙafar yaron tana cikin abin da aka danƙa masa. Addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne, a yi tofi da asuba a kama hanyar asibiti da hantsi. In yaro ya dawo daga allura yana jan ƙafa, a riƙe ranar da abin ya faru, a riƙe sunan maganin in an sani, a sanar da iyayensa, a kai shi cikin makon nan. In an ce a dawo bayan wata ɗaya a dawo, domin a nan ne ake gane ko jijiya tana tafe ko ta tsaya.

Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya kiyaye masu ita, Ya sa albarka a hannun masu magani na gaskiya, amin. Haza wasalam.